Satin da Muka Yi Kandi

Mu a makarantarmu ba ranar da ka ajiye biro a fefa ta ƙarshe ake cewa ka yi kandi ba. Sai an karanta wasiyyarka a gaban kowa an yi maka dariya son rai, an naɗa waɗanda za a naɗa, ka kama langa-langa ka yi wa 'yan SS1 aikin safe, sannan a zane maka riga. In ka tsallake ɗaya daga ciki to gudu ka yi, kuma har yau a guruf ɗinmu na WhatsApp akwai mutum biyu da ake kira 'yan gudun asuba saboda haka, ɗaya ma likita ne yanzu amma sunan bai sake shi ba.

A 2018 ne. Makarantar kwana ce ta maza zalla a jihar Kano, daga SS1 take farawa, sunanta kuma ku bar ni da shi tunda wasu malaman suna nan har yanzu. JAMB mun riga mun yi ta tun watan Maris a kwamfuta, wasunmu ranar ce ta farko da suka riƙe maus da hannunsu. WAEC sai wanda gidansu suka biya masa, yawancinmu NECO muka zuba wa ido don wanda ya ci kwalifayin, wato jarrabawar tantancewa, gwamnati ce ke biya masa. Ƙaramar sallah ta faɗo ranar Juma'a 15 ga Yuni, muka dawo muka ɗora fefa daga inda aka tsaya, damina ta kankama, ciyawa ta cinye filin ƙwallo, ga gasar cin kofin duniya ana yi a Rasha kowa rabin hankalinsa yana can.

Abin ya soma ne tun ranar da aka karɓe muƙamai daga hannunmu aka ba 'yan SS2, wai don mu samu lokacin karatu. Ni mataimakin Leba ne, wato firifet mai sa ɗalibai aiki, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ba a son Leba ba a son mataimakinsa, mu ne masu yanka wa mutum fili ya nome, mu ne masu buga ƙofa da asuba, gwale-gwale kuma a wajenmu aka gaje shi. A asambili aka dinga kiranmu ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa usur da littafin suna, ku gaisa da magajinka, a tafa. Da aka zo kan Leba wallahi tafin da yara suka yi har da fito da buga ƙafa, sai da Firinsifal ya ɗaga hannu sau biyu kafin a yi shiru. Shi Leba yana ta washe baki ya ɗauka ƙauna ce. Ni da ke tsaye a bayansa na san ba ƙauna ba ce, nan take na fara shafa wa gemuna ruwa.

Daga ranar duniya ta canza. Yaron da jiya in ka ce "kai!" zai rugo da gudu, yau sai ya juyo a hankali ya ce "Siniya ina zuwa," kuma ba zai zo ba har ka gama makarantar. Muka koma ɗebo ruwa da kanmu, muna bin layin famfo kamar kowa.

Akwai wani yaro ɗan SS1 a ɗakinmu, siriri mai shiru-shiru, wanda tun satinsa na farko na karɓi bokitinsa, sabo fil, shuɗi, an rubuta sunansa da fenti a gindi. Aro na ce masa. Aron ya kai wata tara, kuma shi ne mai ɗebo min ruwa a cikinsa kullum, shi kuwa ya je ya yi wanka da galan da aka yanke wa kai. Zango na biyu silifas ɗina ya tsinke na ari nasa shi ma. Bai taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya. To tun da aka karɓe usur, duk sanda muka haɗa ido sai ya yi wani ɗan murmushi ya sunkuyar da kai, ni kuma gabana ya faɗi.

Saura kwana goma a gama muka yi taro a ajin SS3A bayan firef, aka kafa kwamiti, aka yanka wa kowa naira ɗari biyu. Karɓar kuɗin nan ya fi Fiziks wahala, mutum zai rantse maka ba shi da ko sisi anjima ka gan shi gaban Iya mai awara. Aka yi ta rigima kan DJ, 'yan birni suka ce dole a kawo, Amir na MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ya ce in aka kawo shi da jama'arsa ba za su zo ba, aka kwashe kusan awa guda ana musu, ƙarshe wani ya tambaya to da wace wutar za a kunna kayan, tunda janaretan makaranta sai ranar da baƙi suka zo yake tashi. Shi kenan magana ta mutu. Aka tsaya kan jarka da bokiti su ne ganga, kuɗin kuma a sayo maka ta rubutu a riga, lemo, biskit, da batirin lasifikar masallaci da za mu ara.

Sai neman izini. Mu uku aka tura wajen Bais, mataimakin Firinsifal, ni da tsohon Hedboi da Amir, muka durƙusa a ofis, Hedboi ya ce "Ranka ya daɗe mun zo ne kan ɗan taron bankwana." Ya dube mu ta saman tabarau ya ce ya san taron, ya ga na shekara goma sha, kuma ya san abin da ake yi a ciki. Ya kafa sharaɗi uku: ba a kama sunan malami, ba a wasa da aya ko hadisi, ƙarfe goma na dare kowa yana kan gadonsa. Muna miƙewa ya ƙara da cewa duk wanda ya taɓa wani yaro a satin nan ko yaro ya taɓa shi, testimoniyal ɗinsa a aljihunsa take. Da ya faɗi haka ni ya kalla.

Wasiyya ita ce zuciyar abin. Kowa zai yago takarda daga tsakiyar littafi ya rubuta abin da ya bari da wanda ya bar wa, a miƙa wa mutum biyu da muke kira alƙalai su tace, don akwai masu rubuta abin da in aka karanta sai an kori mutum saura kwana uku ya gama. Ƙa'idar ita ce dole ka bar abu ɗaya na gaske wanda za a iya riƙewa da hannu, sauran kuma duk shirmen da ka ga dama. Ni kwana biyu ina juya takardar ban rubuta komai ba, don duk abin da na duba a lokata sai in tuna ba nawa ba ne.

Daren Alhamis bayan isha'i aka taru a dainin, aka ture tebura gefe, 'yan SS1 a ƙasa a gaba, 'yan SS2 a benci, mu a tsaye a bango, malamai kusan bakwai a kujerun roba ta baya har da Firinsifal wanda ba mu zaci zai zo ba. Fitilar caji uku aka rataye. Alƙali ya sa babbar rigar babansa da ya zo da ita daga hutun sallah musamman, ya yi gyaran murya ya fara, kuma salon karatun shi ne rabin dariyar, a natse yake yi fuska a ɗaure kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo.

Taim kifa ya bar wa magajinsa ƙararrawa, wato tsohon wilin motar nan da ke rataye a darbejiya, "tare da dukkan tsinuwar da ake yi wa mai buga ta da ƙarfe biyar na asuba." Wani ya bar wa ɗan garinsu katifarsa da kuɗin cizon da ke ciki, ya ce a riƙe su amana don tun SS1 suke tare kuma jininsa ne a jikinsu, 'yan'uwa ne. Wani ya bar kujerarsa ta ƙarshen aji kusa da tagar da ta karye, ya yi bayanin yadda ake jingina kai a bango ta yadda malami daga gaba zai ɗauka rubutu kake. Wani ya bar wa ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya bashin naira 350 na Iya mai awara, yaron ya miƙe tsaye a tsakiyar taro ya ce wallahi Yaya ba zan biya ba, sai na faɗa a gida, dainin ta kece. Akwai wanda ya bar wa duk 'yan SS2 ɓangaren Oganik na Kemistiri gaba ɗayansa, ya ce sabo ne dal bai taɓa amfani da shi ba.

Wanda ya fi burge malamai wani ne mai rowar tsiya, ya rubuta cewa shi ya karanta a aji wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, saboda haka daga garin kwakinsa da ya rage kofi uku ya bar kofi ɗaya, biyun na magada ne a gida. Malamin Islamiyat ya yi dariya har da cire hula, ya ce ko banza dai mutum ɗaya ya fahimci darasin.

Sai aka zo kaina. Alƙali ya karanta sunana, wajen ya ɗan yi tsit don an san ko ni wane ne, sannan ya ce: "Na bar wa ƙanena na ɗaki na huɗu bokiti shuɗi guda ɗaya, mai kyau, ba ya yoyo, kuma don sauƙaƙa masa tuni aka rubuta sunansa a gindi." Kai jama'a. 'Yan SS1 suka dinga birgima a ƙasa, don babu wanda bai san labarin bokitin ba. Aka ɗaga bokitin sama aka haska gindinsa da fitila kowa ya ga sunan, aka kira yaron ya fito karɓa, ya sa hannu biyu ya ɗan rusuna ya ce "Na gode Siniya, Allah ya ƙara arziki," da wata murya mai ladabi wadda ta fi zagi ciwo. Ni ma ina dariya amma kunnuwana sun ɗau zafi. Gaskiyar magana ba ni da ƙarfin halin in same shi mu biyu in ce ka yi haƙuri na zalunce ka, shi ya sa na bi ta nan, kuma da na duba sauran wasiyyoyin da kyau rabinsu haka suke, mutum ya naɗe laifinsa a cikin raha ya miƙa.

Bayan wasiyya sai naɗin sarauta. Zanin gado fari shi ne rawani, bargo alkyabba, sandar mofa ita ce sandar girma, akwai wani ɗan SS3C mai bakin maroƙa shi ne sanƙira, ana buga jarka yana zuba kirari. Aka naɗa Sarkin Barci, wanda sai da aka tashe shi aka kawo shi wajen naɗin, kuma wallahi ba shiri ba ne. Aka naɗa Galadiman Gabza, mutumin da ke cin malmala huɗu ta tuwon makaranta da miyar kukar da kana iya ganin fuskarka a ciki, sanƙira yana cewa "ci ka ƙoshi na Baba kuku, tukunya ta gan ka ta yi kuka." Aka naɗa Magajin Ƙanzo, da Wazirin Latti, da Ɗan Isan Sikbe, wato ɗakin marasa lafiya, wanda duk ranar aikin gayya zazzaɓi ke kama shi ya warke da an buga ƙararrawar abinci.

Sarauta ɗaya ce muka yi ta shawara ko a yi ta gaban malamai ko a bari, ita ce Sarkin Katanga. Labarin shi ne, ranar Juma'a 22 ga Yuni da Najeriya ta ci Aisland biyu da nema, Ahmed Musa ya zura duka biyun bayan hutun rabin lokaci, a rediyon Baba maigadi muka ji, makaranta ta rikice kamar mu muka ci, tunda ɗan wasan ya buga wa Kano Pillars kowa gani yake nasa ne. To sai ga wasan Ajantina ranar Talata 26 ga wata da ƙarfe bakwai na dare, wannan bawan Allah ya rantse ba zai ji a rediyo ba sai ya gani da idonsa, ya haura katanga ta bayan banɗaki ya tafi gidan kallo a cikin gari alhali yana da fefa a gaba. Messi ya ci, Victor Moses ya rama da fenariti, ana saura 'yan mintuna Rojo ya ƙara, aka fitar da mu. Ya taho a duhu rai a ɓace ana yayyafi, ya haura, ya dira a cikin kwatar kicin har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi. Kwana uku ɗakinsu na warin ruwan wanke-wanke. Ƙarshe dai aka naɗa shi ba a faɗi dalili ba, sanƙira ya ce kawai "na Rasha bako da ƙafa ɗaya," sai muka ji Bais daga baya ya ce "Takalmin naka yana ofis ɗina, ka zo ka karɓa in za ka tafi." Ashe tun washegari ya sani.

Kwaikwayon malamai ne ya zo ƙarshe, ba a kama suna kamar yadda aka yi alkawari, amma ina amfanin suna tunda da yaro ya ɗaga wando har ciki ya ce "a lokacinmu" kowa ya san wa ake nufi. An yi malamin Lissafi mai goge allo da hannun riga, an yi Firinsifal da "in taƙaice muku" ɗinsa wadda ke zuwa kafin ƙarin minti arba'in, shi kansa ya yi dariya har yana share hawaye. Sai wani ya fito ya fara kwaikwayon in'inar wani malami da ke zaune a wurin. Dariyar ta yi kaɗan ta mutu, aka ji ƙarar ruwa a kwano kawai, malamin bai ce komai ba yana ta kallon ƙasa. Amir ne ya miƙe ya karɓe lasifikar ya ce lokaci ya yi a yi addu'a. Ni har yau ina ganin laifinmu ne 'yan kwamiti, mun tace wasiyya ba mu tace wannan ba. Washegari da sassafe yaron ya je har gidan malamin a kwatas ya ba da haƙuri, ba wanda ya aike shi.

Asabar da safe ita ce ranar da nake tsoro, ranar juyi. Awa ɗaya cur, daga bakwai zuwa takwas, 'yan SS1 ne siniyoyi mu ne juniyoyi, malamin diyuti yana tsaye da agogo don kada abin ya wuce wasa. Ba duka, ba zagin iyaye, amma shara da wankin banɗaki da noman fili duk ya halatta. Leba bai ga wannan safiyar ba. Ƙarfe huɗu na dare ya ɗauki akwatinsa shi da wani firifet na dainin suka kwana a gidan wani malami ɗan garinsu, daga can suka dinga zuwa sauran fefa suna komawa, su ne 'yan gudun asuban da na faɗa. Da aka nemi Leba aka rasa, ai kun san kan wa abin ya dawo.

Aka miƙa wa yaron nan mai bokiti usur. Ya zo gabana ya tsaya, kansa bai kai kafaɗata ba, ya busa ya ce "Kai, zo nan." Na zo. Ya ce "Ba ka iya gudu ba ne?" Na koma na taho da gudu, yara na ihu. Ya miƙo min langa-langa ya taka fili da ƙafa, taku goma sha biyar tsawo goma faɗi, daidai yadda nake yanka musu, har da ɗan ƙarin takun nan da nake yi a ƙarshe in na ga mutum ya ɓata rai, ashe duk yana lura. Langa-langar ba kaifi, ciyawa jiƙe, minti ashirin tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu. Ina cikin yi ya sa ni tsallen kwaɗo daga nan zuwa gola in dawo wai na ɗago kai ba izini. Ina tsalle ina jin cinyoyina kamar an zuba barkono, ina lissafin yara nawa na sa wannan abin a shekara guda, lissafin ya ƙi ƙarewa. Saura minti goma ya ce in ajiye, ya ɗauko bokitin ya ce in je famfo in ciko in kai masa banɗaki. Na ciko na kai. Ya sa yatsa a ruwan ya ce bai cika ba. Abin da nake ce masa kenan kullum.

Takwas na bugawa ya cire usur ya miƙa wa sabon Leba ya koma yadda yake, "Siniya sannu da aiki." Na ce ka kyauta.

Fefa ta ƙarshe ba na ma iya tuna me na rubuta a ciki, kowa ya shigo da maka a safa ko a ƙugu, inbijileta na cewa a ajiye biro aka fara leƙen taga. Ana karɓar takarda ta ƙarshe muka fito da gudu, wani ya rugo ya doki wilin motar nan ba ƙaƙƙautawa, Taim kifa sabo yana bin sa yana roƙo. Farar rigar yunifom da aka shekara uku ana dukanmu kan a wanke ta a goge ta, ita ce cikin minti goma ta koma allo. Ka juya baya mutum uku na rubutu lokaci ɗaya, kai ma kana rubutu a bayan wani, ba ka san me ake rubuta maka ba sai ka cire. Doka ɗaya muka yi tsakaninmu kuma an kiyaye ta, ba a rubuta sunan Allah ko aya, tunda riga ce za ta iya faɗuwa ko'ina. Wasu sun ƙi a taɓa tasu saboda ƙannensu za su gada, wani ya ce babansa zai yanka shi, aka ƙyale su, sai suka kawo tsohon littafi ana sa musu hannu a ciki. Lambar waya ta fi komai yawa, sai "sai mun haɗu a BUK," sai sunayen tsokana, wani ya zana min langa-langa a aljihu. Baba kuku ma da ba ya boko ya karɓi maka ya yi wa kusan mutum ashirin sa hannu da ajami.

Shekarun baya-bayan nan na ga abin ya zama rigima, a 2025 gwamnatin Sakkwato ta hana bikin sayin-aut, wato na zanen rigar nan, a sakandare gaba ɗaya, kuma wanda ya ga irin bidiyon da ke yawo a TikTok, maza na rubutu a jikin 'yan mata ana tseren babur a titi, ba zai ce ba su da hujja ba. Amma dai ni abin da nake gani, rigar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da muka yi. Yanzu yara sun ɗauki maka sun bar wasiyya da ranar juyi, wato sun ɗauki ɓangaren da ba ya ciwo.

Kada ka ɗauka an gama, saura kiliyarans. Takarda ɗaya ce mai gurbin sa hannu bakwai, laburare, lab, sito, sikbe, malamin gida, basa mai karɓar kuɗi, sannan Bais, kuma kowanne sai na gabansa ya sa zai sa. A laburare aka ce akwai littafin Bayoloji da na ara tun SS2, na rantse na dawo da shi, aka buɗe rijista ga sunana ba a soke ba, na zaga ɗakuna ina cigiya har na same shi an tokare ƙafar gado da shi a ɗaki na biyu. A lab duk 'yan rukuninmu aka ce mu haɗa kuɗin buret da ta fashe ranar firaktikal, mu shida kowa ya san wanda ya fasa amma aka yi shiru aka biya. Mai sito ya tafi cin kasuwa sai la'asar. Haka muka wuni muna zagaye da zanannun riguna kamar 'yan tashe, takardar da muka ɗauka ta minti talatin ce ta kai mu magariba.

Daren ƙarshe bayan isha'i liman ɗin ɗalibai ya ce 'yan SS3 su tsaya. Babu raha a nan. Tsohon Hedboi ya miƙe ya ce duk wanda muka ɓata wa, da saninmu da rashin saninmu, don Allah ya yafe mana, muryarsa ta karye a tsakiya, yara suka amsa "mun yafe" amma ba duka ba, na ga wasu bakinsu bai motsa ba kuma ban ga laifinsu ba. Aka yi layi ana musabaha. Da na zo kan yaron na riƙe hannunsa na ce ƙanena ka yafe ni, ya ce "Ba komai Siniya, ai na rubuta maka a riga."

Sai da na koma ɗaki na cire rigar na haska ta da tocila. Can ƙasa ta baya, da ƙananan haruffa masu kyau, an rubuta: "Bokiti ya iso. Saura silifas."

Da safe Baba maigadi ya buɗe akwatunanmu ɗaya bayan ɗaya a get yana neman cokulan makaranta, ya samu goma sha, Sarkin Katanga ya fito daga ofishin Bais riƙe da takalmi ƙafa ɗaya a leda, muka cika motar haya. A gida Umma na ganin rigar ta ce wannan wace irin ƙazanta ce kawo in jiƙa ta da bilic, na ce Umma don Allah a'a, na cusa ta ƙasan akwati.

Da sakamako ya fito na koma karɓar testimoniyal, an riga an shiga sabuwar shekara. Kafin in tafi na biya kasuwar Ƙofar Wambai na sayi silifas mai ɗan kauri, na ƙiyasta ƙafarsa da ido. Na same shi a bakin famfo, ya shiga SS2, ya yi tsawo har muryarsa ta buɗe. Ya gwada silifas ɗin, diddigensa ya leƙo waje kusan yatsa biyu, muka yi dariya, ya ce ba komai Siniya zai ba ƙanensa. Muna tsaye sai ga wani ɗan mitsitsin yaro sabon shiga ya taho yana nishi da shuɗin bokitin nan cike da ruwa, ya ajiye a gabansa. Ya leƙa ciki, ya dube ni, ya danne dariya, ya ce wa yaron "Je ka, ya cika."